Gurbin Haƙora a Sandar Baba

Makon da ya wuce jikana ya ɗauke ni a tsohuwar bas ɗin da yake jigila da ita, za mu je Safana gaisuwar rasuwa. Na zauna a kujerar baya saboda ƙafata ba ta son matsi. Ba mu daɗe da barin Batsari ba na ji abin, kuma ba a kunne na fara jin sa ba, a tafin ƙafa ne, don kunnen ya yi nauyi a 'yan shekarun nan. Wani siririn kuka ne kamar na sauro a cikin randa. Yana zuwa idan yaron ya ɗaga ƙafa daga totur a gangara, ya ɓace da zarar ya sake takawa. Na ce masa, "Kai maigida, motar nan taka tana kuka ta baya." Ya dube ni ta madubi yana dariya, ya ce, "Tsohuwa ke nan. Sallama ma sai an yi miki sau uku, amma kukan mota kika ji?" Ya ƙara muryar rediyo. A gidan rasuwar na zauna cikin mata, ana ta addu'a ana amsawa, ni kuwa hankalina yana can gindin wata bedi da aka daɗe da sarewa.

A gindin bedin nan garejin mahaifina yake, idan za a kira rumfar kwano ɗaya da akwatin sufana gareji. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta yi tauri kamar daɓe, ko ruwan sama ba ya shigar ta. A lokacin motocin garin ba su da yawa, kowace mun san muryarta. Ina kwance a ɗaki da safe zan ce ga a-kori-kurar wane ta taso, ga ta wane tana tari, yau sai an tura ta. Yanzu babura sun cika ko'ina, kukansu iri ɗaya ne kamar na fari a gona, ba ka iya cewa ga na wane. Mutane ba sa kiran Baba da sunansa, Mai Kunne suke cewa. Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi, akwai waɗanda suka fi shi kayan aiki, amma shi ba ya kwance abu sai ya san abin da zai tarar a ciki. Yana da wata sanda, guntun sandar kiwo ce da wani Bafulatani ya ba shi, ba ta fi kamu biyu ba. Sai a ɗaga bayan mota da jak, a tayar da inji, a sa giya, ƙafafun baya su riƙa juyawa a iska. Shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi, ya kafa kan sandar a jikin ƙarfe, ɗaya kan a kunnensa, ya lumshe ido. Duk surutun direbobi, a wannan lokacin shiru suke yi.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne ƙarfen nan mai kumburi da ke tsakanin ƙafafun baya, wanda ke karɓar juyi daga firofela, dogon ƙarfen nan da ya taho daga wajen inji, ya raba wa tayoyi biyu. Makanikai suna da sunansa na Turanci, amma Baba tulu yake ce masa, kuma duk masu zuwa wurinsa haka suka koya. A cikin tulun akwai haƙoran ƙarfe masu cizon juna, akwai boris da suke juyawa a kai, dukansu suna wanka cikin mai. Inda firofela ta shiga shi ne wuyan tulu. Na haddace maganarsa kamar karatun allo, don sau da yawa na ji yana faɗa wa direbobi: "Idan ta yi kuka kana taka ta, haƙora ne suka cinye. Idan ta yi kuka ka sake ta, boris ɗin wuya ne. Idan sai ka sha kwana take gurnani, na ƙafa ne, ka bar tulu ya huta." Yakan ce mota ba ta ƙarya, direba ne ke yi mata tafinta marar kyau.

Kan mai kuwa ba ya wasa. Man giya daban, man inji daban, kuma ya tsani direban da zai tsiyaye baƙin mai daga inji ya ɗura a tulu don ganin duk mai ne. Idan aka kawo masa galan, ba ya duba rubutun jiki tukuna. Sai ya tsoma yatsa, ya murza da babban yatsa, ya raba su a hankali ya ga yadda zaren man zai ja kafin ya tsinke, sannan ya shinshina. Man giya na gaske yana da wani wari mai hawa kai, wanda har yau idan na ji shi sai in waiwaya kamar zan ga Baba. Ƙaramar mota mai tafiya a kan kwalta yakan zuba mata mai lamba casa'in. A-kori-kura mai shan lodi da zafin rana a hanyar ƙauye, ita ce ta mai kauri, lamba ɗari da arba'in, wanda ke fita daga gwangwani a hankali kamar zuma da sanyin safiya. Amma yana da gargaɗi a kan mai kaurin. Yakan ce, "Wannan toshe bakin marar lafiya yake yi, ba ya ba shi magani. Duk wanda ya zuba shi don kuka ya yi shiru, ya ɗaura aure da jeji."

Ni ce nake kai masa abincin rana idan na taso daga makaranta. Yarinya ce ni marar magana, irin wadda malami zai kira sunanta sau biyu kafin a ji ta amsa. A aji ina can kusurwa ina taunar gindin fensir, a gida ina bayan ƙofa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Idan na ajiye kwano ba na tafiya. Sai in zauna a kan wata tsohuwar taya, ya turo mini tasar kananzir da notuna in riƙa wankewa ina jerawa a kan tsumma. Ba wanda ya damu da ni. Maza suna hirarsu kamar ba na wurin, ni kuwa ina kallon hannuwa, ina sauraron ƙarfe. Ba ni da ƙawar da zan ba wannan labari. 'Yan matan ajinmu suna cewa ina warin gareji, sai na saba da tafiya ni kaɗai.

Wataƙila shi ya sa ni na fara lura. Wata rana kafin azumi taya ta fashe a gaban Baba yana ba ta iska. Bai ji rauni ba, an yi ta barka, amma ya kwana biyu yana sa auduga a kunne, ɗayan kuwa dama tun yana yaro yake ba shi wahala. Bayan nan sai na ga ƙananan abubuwa. Da, idan ya murza kan agogon hannunsa don ya ci gaba da aiki, sai ya kai shi kunne ya ji yana tafiya. Yanzu sai ya tsura wa allurar ido. Ya koma kallon bakin mai magana. Ladan zai yi kira, sai ya ga mutane sun miƙe sannan ya ajiye sufana. Idan ya kwanta da sandar a ƙarƙashin mota, yana daɗewa fiye da da, kuma idon ba a lumshe yake ba, a buɗe yake yana kallon ƙarfe kamar mai roƙon sa. Direbobi masu ɗaga murya ne, don haka ba su gane ba. Inna ma ba ta gane ba, ko ta gane ta yi shiru, ban taɓa tambayar ta ba. Ni na sani, shi ma ya sani, kuma bai san na sani ba.

A cikin masu kawo masa mota akwai taubashinsa, wanda kowa ke kira Na-Tsaskiya. Mahaifiyarsa da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka tsakaninsa da Baba babu gaisuwa sai tsiya. Yana da a-kori-kura fara wadda yake ɗaukar mutane da kaya daga kasuwar Batsari zuwa ƙauyukan Safana. Wata rana da damina ta kankama, ya tarar da ni a hanya da kwanon abinci, ya tsaya ya ce in hau baya. Akwai 'yar gangara kafin gareji. Da ya ɗaga ƙafa, sai na ji siririn kukan nan yana tasowa ta ƙarƙashin katakon da nake zaune. Ya taka, ya ɓace. Ya saki, ya dawo. Har na ji bakina yana maimaita karatun Baba: ka sake ta, boris ɗin wuya ne.

Tun bai kashe mota ba Na-Tsaskiya ya fara. "Ina ragon nan mai kwana ƙarƙashin motocin mutane?"

Baba ya fito yana goge hannu. "Ga ni. Ka kawo akwalar a yi mata sutura ne?"

"Wagga mota ta fi ka lafiya. Kuka dai take ɗan yi ta baya."

"Yaushe take yin sa?"

"Tun da ta hango fuskarka."

Aka yi dariya, Baba ma ya yi, amma na ga bai sake tambaya ba, alhali da ba ya barin wannan tambaya sai an amsa. Aka ɗaga motar, ya shiga da sandarsa, ya daɗe. Da ya fito, ya ɗauki sufana ya kwance notin ƙasan tulu. Man da ya zubo ba baƙi ba ne, fari-fari ne kamar an dama kindirmo da toka. Fuskar Baba ta saki, kamar wanda ya ɓata a daji ya hango hayaƙi. Ya ce, "Ga ciwonka nan. Kana faɗawa cikin rafi alhali tulu yana da zafi, ya sha ruwa. Kai ko jaki ba a shayar da shi yana haki." Gaskiya ya faɗa, ruwa ya shiga. Amma ba ita ce dukan gaskiyar ba.

Notin ya suɓuce masa ya faɗa cikin tasar man, ya ce, "Uwata, tsamo ki wanke." A kan wannan noti akwai maganaɗisu, don ya kama duk abin da ƙarfe ya zubar. Da na tsamo shi na ga ya yi gashi. Ba laushin toka ba ne irin wanda kowace mota ke yi, 'yan ɓarɓashi ne masu ƙyalli kamar ɓawon kifi, har ɗaya ya soke ni a yatsa. Na ɗaga kai. Maza bakwai ko takwas ne a wurin, Na-Tsaskiya yana ba da labarin wani Bafulatani da ya nemi a sa masa maraƙi a gidan gaba, kowa yana dariya, Baba yana kallon bakunansu yana dariya a bayansu kaɗan. Idan na yi magana, dole in ɗaga murya don ya ji, kuma duk wanda ke wurin zai san 'yar firamare ta ji abin da Mai Kunne bai ji ba. Sai na tsoma notin cikin kananzir, na wanke shi tas, na miƙa masa. Ya ɗaure, ya ɗauko gwangwanin mai kauri ya cika tulu. Da aka tayar, kukan ya yi ƙasa sosai. Na-Tsaskiya ya ce, "Ashe kana da rana." Ya tafi. Ni kaɗai na ji sauran kukan yana bin sa har ya sha kwana.

Ranar kasuwa ta zagayo, Na-Tsaskiya ya yi lodin buhunan taki da mutane ya nufi Babban Duhu. A gangarar wani rafi boris ɗin ya tarwatse, ƙafafun baya suka cije, motar ta juya ta daki gaɓa. Allah ya tsare rai. Amma wata tsohuwa mai tallar nono ta karye a hannu, buhunan taki suka zube cikin ruwa suka narke a gaban masu su, a lokacin da gero ke jiran sa. Washegari ina zaune a kan tayata Na-Tsaskiya ya iso da ƙafa. Ya tuɓe takalmi nesa, abin da bai taɓa yi ba. Ya durƙusa ya ce, "Malam, barka da rana. Ina gajiya? Ya iyali? Ya aiki?" Ya bi gaisuwar nan har ƙarshenta kamar yana gaban baƙo. Sannan ya kwance wani tsumma ya ajiye a gaban Baba, ga gutsattsarin boris sun yi shuɗi don ƙuna. Ya ce, "Na ce bari in kawo maka ka gani. Allah ya kiyaye gaba." Ya sa takalmi ya tafi. Da zagi ya yi, da Baba ya rama, da an wuce wurin. Wannan ladabi shi ne abin da ya karya shi.

Ba wanda ya fito ya ce komai, amma motoci suka fara wuce bedin suna tafiya sabon garejin da ke kusa da tasha. Nakan kai abinci in tarar da Baba shi kaɗai, yana jera sufana yana sake jerawa. Kwanon yana dawowa da rabi. Sandar ya cusa ta a rufin rumfa. Wata rana na ji yana faɗa wa Inna, da muryar nan mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, cewa da an yi girbi zai naɗe kayan aiki ya koma gona, ƙarfe ya ishe shi. Na san ba gona yake so ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sauraron ƙarfe, ina shi ina fartanya. Ni kuma ɗan sokin da ke yatsana ya daɗe da warkewa, amma kullum sai na duba wurin.

A aji ne hanya ta zo, ba tare da na neme ta ba. Yara suna ta hayaniya malami ya fita, na toshe kunnuwana da yatsu, fensir yana bakina, tsininsa yana kan benci. Yarinyar da ke gefena tana kankare bencin da reza. Sai na ji kankarar a tsakiyar kaina, ƙarara, alhali kunnuwana a toshe suke. Na saki fensir, ta ɓace. Na ciza, ta dawo. Na yi ta yi har aka tashi. Ranar ban bi ta gida ɗaukar abinci ba.

Na tarar da shi yana zaune ya ba hanya baya. Na ce, "Baba." Bai juyo ba. Sai na zaga na tsaya a gabansa, na dubi fuskarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ya ce, "Uwata, ina abincin?"

Na ce, "Kai kake cewa ni uwarka ce."

"Mene?"

Maganar da ta kamata a yi ta da raɗa, dole na yi ta da ƙarfi, ni da ba a jin muryata a aji. "Na ce kai kake kira na uwarka. Uwa tana iya faɗa wa ɗanta abin da wani ba zai faɗa ba?"

Ya ɗan yi murmushi. "Tana iyawa."

"Kunnenka ba ya ji, Baba. Ranar nan na ji kukan, sai an saki totur yake zuwa. Na ga ƙarfe a jikin noti. Ni na wanke shi."

Murmushin ya tafi. Ya dubi hanya hagu da dama, babu kowa sai awaki. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce, a hankali, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin azumi."

"Kuma kika ɗauke shi ke kaɗai." Bai ce laifina ne ba, bai ce ba laifina ba ne. Ya ce, "Ni ne na zuba mai kaurin. Na san abin da nake yi."

Na hau kan akwati na zaro sandar daga rufi. Na ce ya ba ni agogonsa, na danna shi a kan sandar, na miƙa masa ɗaya kan. Ya kai kunne, bisa sabo. Na girgiza kai, na nuna masa haƙorana. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya ciza. Ban manta da fuskarsa ba. Girarsa ta ɗaga, sannan idon ya lumshe, irin lumshewar da na daɗe ban gani ba. Ya riƙe hannuna don kada in janye agogon. Mun daɗe a haka, babba da sanda a baki, yarinya tana riƙe da agogo, har aka kira la'asar, ni na ji, na taɓa kafaɗarsa.

Kwanaki ya yi yana gwadawa a kan injin niƙan maƙwabta da kowace mota ta yarda ta tsaya, don ya koyi muryoyin ta sabuwar hanya. Da kasuwa ta sake ci, ya ɗauki sanda da jak ya ce in biyo shi tasha. An gyara wa Na-Tsaskiya motarsa a sabon gareji, ya dawo ke nan daga sahun farko. Baba ya tsaya a gabansa cikin mutane ya ce, "Ka bar ni in saurare ta sau ɗaya." Na-Tsaskiya ya ce, "Malam, ai an gyara." Baba ya ce, "Sau ɗaya." Kunya ta hana shi ƙi. Aka ɗaga, aka tayar, Baba ya kwanta, ya kafa sanda a wuyan tulu, ya ciza. 'Yan kamasho suka fashe da dariya, wani ya ce yunwa ce a kawo masa rogo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya matsa da sandar gefen dama, ya matsa hagu, ya dawo wuya. Sannan ya fito, ya tofar da ɓawon itace.

Ya ce, "Boris ɗin sabo ne, amma an ɗaure shi ya wuce kima, ya fara cin kansa. Taɓa wuyan ka ji." Na-Tsaskiya ya sunkuya ya taɓa, ya janye hannu da sauri yana yarfewa. Baba ya ci gaba, da ƙarfi, kowa yana ji: "Kunnena ya mutu, ɗan'uwa. Ranar da ka kawo ta ban ji komai ba, na ɓoye, na toshe mata baki da mai. Hannun tsohuwar nan da takin mutane suna wuyana. Yanzu da haƙori nake ji."

Na-Tsaskiya ya dubi Baba, ya dubi sandar, ya dubi yatsunsa. Ya ce, "To mi ne abin mamaki? Ni dama na daɗe da sanin akuya ne kai. Yau dai ga shi ka fara cin itace a gaban jama'a." Baba ya ce, "Akuyar da za ta hana ka kwana a rafi." Na-Tsaskiya ya juya ga fasinjoji ya ce kowa ya sauko, sai an kwance. Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Washegari Baba ya hau keke ya je har rugar tsohuwar nan ya duba ta. Ba duka motocin suka dawo ba, amma waɗanda suka dawo sun isa. Sunan Mai Kunne ya bi ruwa, aka koma ce masa Ci-sanda, yana amsawa. Idan kukan na hanya ne, ni ake sawa a bayan mota in faɗa masa lokacin da yake zuwa, har na tafi makarantar kwana. Bai taɓa tayar da maganar wannan rana ba har ya koma ga Allah. Abu ɗaya ne ya canza. Duk notin da ya kwance daga ƙasan tulu, sai ya sa mini a tafin hannu da dattinsa, ya ce, "Uwata, duba kafin ki wanke."

Yanzu inda bedin take shago ne na cajin waya. Hanyar Babban Duhu da muka sani cike da a-kori-kura ranar kasuwa, sai ka daɗe ba ka ga mota ba, mai bin ta ma da addu'a yake bi. Na-Tsaskiya ya rasu, Inna ta rasu, duk wanda ya tsaya a tashar nan ran nan ban san ko ɗaya da ya rage ba.

Da muka dawo daga Safana, jikana ya zo zai sauke ni a ƙofar gida, na ƙi sauka. Na ce masa ba zai ɗauki ɗan kowa a motar nan ba sai an duba wuyan tulu. Na faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Ya ce, "To tsohuwa, na ji, kada ki sake ni a bainar jama'a." Ya kai ta gareji, don girmana ba don ya yarda ba. Da ya dawo na tambaye shi abin da aka gani a jikin noti. Ya ce wane noti? Yaron garejin ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce yanzu ba a ɓata lokaci a kan wannan, aka sauke ƙarfen bayan gaba ɗaya aka sa na gwanjo. Tsohon kuma masu sayen ƙarfe sun ɗauka tun da rana.

Motar ta yi shiru, alhamdu lillahi. Amma ba wanda ya buɗe tulun, don haka ban san ko daidai na ji ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Bayan ya tafi na buɗe adaka na ɗauko sandar. Gurbin haƙoran Baba suna nan a kanta, sun yi baƙi sun yi santsi. Na kafa ta a jikin agogon bango, na kai ɗaya kan bakina. Sai a lokacin na tuna haƙoran wannan gefen sun daɗe da zubewa.